Biron Godiya da Tagar da Na Bi

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na fita daga aji ta taga ba, ni da aka gayyato musamman in koya wa 'yan mata yadda ake kwantar da hankali. Shekara uku ke nan, amma har yau idan Keke ya biyo da ni ta gaban makarantar sai in juya kai, in yi kamar ina karanta allon wani shago a tsallaken titi.

Bari in faro daga inda girman kan ya samo asali. Na gama karatu, ina zaune a gidanmu a Tudun Wada, ba aikin fari balle na baƙi, sai wata ƙungiya ta nemi 'yan sa-kai da za su riƙa shiga makarantu suna wayar da kan matasa game da lafiyar ƙwaƙwalwa. Bitar kwana uku aka yi mana. Kwana uku fa! Muka sha shayi da cincin, aka ba mu farar riga da ɗan littafi da takardar shaida mai jan hatimi. Na dawo gida ina yi wa kowa kallon majinyaci. Umma ta yi ajiyar zuciya, in ce damuwa ce. Ƙanwata ta yi barcin rana, in ce alama ce. Har Umma ta gaji ta ce, "Ke dai Allah ya sa kada wani ya yi kuskuren ba ki allura a hannu."

A cikin duk littafin, magana ɗaya na fi haddacewa: ba kowane ciwo ne aljanu ba. A gidan suna na faɗe ta, a layin ɗiban ruwa na faɗe ta, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. (Ni ɗin nan kuwa har gobe ba na zubar da ruwan zafi a makwarara sai na yi bisimilla, amma wannan tsakanina da ku ne.)

Aka tura ni wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a tsallaken kogi, tsakanin Nasarawa da Romi. Ranar Litinin na je gabatar da kaina. Wadda ta karɓe ni ita ce Madam Saratu, malamar da ke ba ɗalibai shawara, gajeruwar mata mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Ta dubi rigata, ta dubi takardar shaidar da na zaro ba tare da ta nema ba, sannan ta tura ƙofar ofis ta rufe.

Ta ce, "Malama, akwai yarinya ɗaya da ta sa na matsa a turo mana wani. Sunanta Godiya, 'yar aji shida. Shekara biyu da suka wuce aka kai hari ƙauyensu, aka kawo ta wajen ƙanwar babanta a Romi, Mama Bulus. Yarinyar na da ƙoƙari sosai. Amma wani lokaci sai a neme ta a rasa, a same ta a ƙarƙashin tebur tana waƙa da wata irin murya. Yara sun ce iskoki ne, ba mai zama kusa da ita."

Na gyaɗa kai irin na manya, na ce wannan ai sananne ne.

"Ran Asabar Mama Bulus za ta kai ta wani gidan addu'a a bayan gari. Na san wurin. Azumin dole, ga mari a ƙafa, kuma wanda ya shiga ba ya fitowa a wata ɗaya ko biyu. Jarrabawar fita saura sati shida. Na roƙe ta da ƙyar ta zo ranar Laraba ta saurare ki kafin ta yanke. Na ce mata likita za a turo."

Nan ne ya kamata in ce ni ba likita ba ce. Ban ce ba. Kalmar ta yi mini daɗi a kunne, na bar ta ta zauna.

Ranar Laraba duk azuzuwa a cike suke, ɗaki ɗaya ne kawai babu kowa: tsohon ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, can ƙarshen makaranta a gindin wata tsamiya. An daɗe da daina amfani da shi. Tagoginsa ba gilashi, sai firam ɗin katako. A kan kanta akwai kwalabe masu ƙura, ɗaya da maciji a naɗe cikin wani ruwa, ya koɗe ya zama fari fat. A bango hoton kwarangwal ne wanda gara ta cinye masa rabin fuska. Jikin bangon baya kuma doguwar kabad ce a ƙasa, mai ƙananan ƙofofi. Sha biyun rana ne, amma hadari ya haɗo ya rufe gari, ɗakin ya yi duhu da wani sanyi mai warin magani. Na ji tsigar jikina ta ɗan tashi, na ce wa kaina iska ce ke shigowa ta taga.

'Yan matan suka shigo suna noƙewa, masu bisimilla na yi, masu kiran Yesu na yi. Su kusan arba'in suka cushe a bencinan gaba. Benci uku a tsakiya ba kowa. A na ƙarshe yarinya ɗaya ce zaune, siririya, kayan makarantarta a goge tsaf, idonta a kan tebur. Tana riƙe da shuɗin biro tana buga gindinsa a katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba sauri ba jinkiri, kuma ba ta tsayawa. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba. A bakin ƙofa aka ajiye wa Mama Bulus kujera, ƙatuwar mata mai zane da ƙamshin man suya, ta bar kaskon doyarta a hannun maƙwabciya don ta zo ta ji likita. Madam Saratu ta tsaya a jikin bango.

Gaskiya na yi magana, ba zan rage wa kaina ba. Na yi bayanin damuwa da firgici da rashin barci. Na ɗauki alli na rubuta a allo da manyan baƙaƙe, BA ALJANU BA NE, na ja layi biyu a ƙasa har allin ya karye. Na hangi Mama Bulus tana ɗan gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara kumbura. Na buɗe shafin da aka koya mana motsa numfashi.

Na ce, "Yanzu kowa ta rufe ido. Za mu yi shiru na minti biyar, shiru sosai, kowa ta saurari numfashinta."

Ido ya rufe. Surutu ya mutu. Saura ƙwas, ƙwas, ƙwas daga baya.

Littafin ya ce shiru, kuma ni mai bin littafi ce. Na taka har bencin ƙarshe, na sa murmushin da aka koya mana, na ce, "Ƙanwata, ara mini wannan na minti biyar." Ta riƙe biron gam. Yatsunta sanyi ƙalau. Ta ɗago ta dube ni a karo na farko, ta ce a hankali, "Anti, don Allah." Ta gefen ido na ga Madam Saratu tana girgiza mini kai. Na yi kamar ban gani ba, na zare biron, na koma gaban allo, na rufe nawa idon don in zama abin koyi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Iskar hadarin ta tsaya cak. Ko tsuntsu babu. Tsamiya ɗaya ta faɗo kan kwano, ta gangara, ta tsaya. Ina ƙirga numfashina, na kai wajen ashirin, sai na ji muryar.

Muryar tsohuwa ce. Tsohuwa tukuf, mai rawar maƙogwaro, tana rera waƙa a hankali cikin wani yare da ban sani ba. Kuma daga ƙasa take fitowa, kamar mai waƙar tana kwance a ƙarƙashin siminti. Na ce a raina daga waje ne. Amma bayan ɗakin ba gida, sai tsamiya da katanga. Na buɗe ido ɗaya.

Bencin Godiya babu kowa.

Ƙofa ɗaya ce a ɗakin, kuma Mama Bulus ta cika ta, ko kyanwa ba za ta wuce ba. Na bi ƙarƙashin tebura da ido, ba kowa. Waƙar na ci gaba. Sai na lura da ɗaya daga ƙofofin kabad ɗin baya tana motsi, ta ɗan turo ta koma, ta ɗan turo ta koma, daidai da saukar waƙar. Duk da haka, wallahi, a wannan lokacin ina tsaye da ƙafafuna, har ina lalubo abin da littafin ya ce.

Sai Mama Bulus ta miƙe, kujerarta ta faɗi. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta ce da wata siririyar murya, "Mama? Yesu na! Muryar uwata ce. Uwata da muka binne shekara biyu!"

To, a nan bitar kwana uku ta ƙare. Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Ƙofa a toshe take, taga ce kusa, kuma har yau ban san yadda na hau ta ba. Abin da na sani shi ne wata ƙusa ta kama hijabina, na sunkuya na bar mata shi, na dira cikin taɓo da gwiwa biyu, na tashi na ci gaba. Ina gudu ina karatu da ƙarfi. Na faro Ayatul Kursiyyu, na tsinci kaina a addu'ar cin abinci. (Umma ta ce aƙalla dai ban yi shirka ba.)

Da 'yan mata suka buɗe ido suka ga ƙurar likita, me kuke tsammani? Ihu ya tashi. Wasu ta ƙofa, wasu ta tagar da na buɗe musu hanya. Huɗu suka suma a fili. Sauran azuzuwa suka ji ihu suka watse ba tare da sun san dalili ba. Kafin rabin awa iyaye mata sun baro kasuwa sun cika bakin get, ana ta cewa aljanun tsamiya sun kori likitar da aka kawo daga cikin gari.

A bayan tankin ruwa Madam Saratu ta same ni, takalmi ƙafa ɗaya, ɗankwali a karkace, farar rigata ta koma ja da taɓo. Ta miƙo mini hijabina da ɗaya takalmin. Ita kaɗai ce ba ta gudu ba. Zama ta yi a ƙasa kusa da kabad ɗin, ta riƙa buga makullanta a jikin benci, ƙwas, ƙwas, har yarinyar ta buɗe ta fito da kanta. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Hannuna kawai ta kalla. Sai a lokacin na ga ashe biron yana cikin tafina, na damƙe shi har ya yi mini shaida.

Muna tsaye Mama Bulus ta zo wucewa, ta riƙe Godiya a wuyan hannu. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Sannu, Likita. Hannunki ya rubuta ba su ba ne, amma ƙafarki ta faɗi gaskiya. Ran Asabar da sassafe za mu tafi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai abin da ya fi ta nauyi. An kawo ni in hana a sa wa yarinya mari, na zama babbar shaidar masu sawa.

A gida Umma ta yi dariya har da hawaye, musamman wajen ƙusa. Da na kai ƙarshen labarin sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "To yarinyar fa?" Na ce ai ba ni da fuskar da zan koma. Ta ce, "Kunya ba ta taɓa kashe kowa ba, mari kuwa cin ƙafa yake yi. Ki tashi ki mayar mata da abinta." Alhamis na wuni a ɗaki ina cewa kaina ke ciwo. Juma'a bayan la'asar na ɗauki biron, na bar riga da littafi da takardar shaida a gida, na karɓi kwatance wajen Madam Saratu na hau Keke zuwa Romi.

A wata mahaɗar hanya na same su. Mama Bulus na juya doya a mai, Godiya na zaune a ƙasa tana fere wata. A jikin bango ga jakar Gana-mas-go a ɗaure, da bokiti da tabarma a kai. Na gaishe su, Mama Bulus ta amsa ba ta dube ni ba.

Na ce, "Mama, na zo in faɗa miki gaskiya. Ni ba likita ba ce. Bitar kwana uku na yi."

Ta ce, "Ai na gani."

Duk jawabin da na shirya a Keke ya gudu. Na durƙusa gaban Godiya, na miƙa mata biron da hannu biyu. Na ce, "Ki yafe mini. Kin roƙe ni, ban ji ba. Kuma na gudu na bar ki. Tsoro na ji. Wallahi ban san lokacin da na hau tagar nan ba, ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Ganina kawai na yi a waje."

Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a zane, ta karɓa. Ta buga shi a bakin tire sau biyu, kamar tana gwada ko yana nan da ransa. Sannan ta ce, "Ni ma haka ne, Anti. Ganina kawai nake yi a ciki."

Cokalin Mama Bulus ya tsaya a cikin mai.

A karo na farko tun da aka ba ni takardar shaida na yi tambaya maimakon jawabi. Na ce, "A cikin me?"

Ta ci gaba da buga biron, idonta a kan tire. "Ran da suka zo, Kaka ta sa ni a rumbu. Ita ƙafarta ba ta gudu. Ta ce in rufe ido, in yi shiru, kada in fito sai ta kira ni. Ta zauna a gindin rumbun tana waƙar nan a hankali don in san tana nan. Sai waƙar ta tsaya a tsakiya. Aka yi shiru. Na jira, na jira." Ta ƙara buga biron. "In aka yi shiru sai in koma can. Shi ya sa nake buga biro. In ba biro, sai in nemi wuri in shiga, in ƙarasa mata waƙar yadda take yi. Ba ta kira ni ba, Anti."

Rufe ido, yi shiru. Kalma bayan kalma, abin da na umarce ta ke nan a gaban allo, har da murmushi.

Doya ta fara ƙauri, ba wanda ya kula. Mama Bulus ta ce, "Shekara biyu kina gidana. Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Mama. Addu'a kawai ake yi mini."

Matar nan ta sauka ƙasa da duk jikinta, a bakin titi, masu babur na kallo. Ta kama fuskar yarinyar da hannayenta masu maiƙo, ta kira sunanta da ƙarfi, ta faɗi wata gajeruwar magana da yarensu, ta sake, ta sake. Godiya ta fashe da kuka, kukan yarinya 'yar sha bakwai da muryarta ta kanta. Daga baya ta gaya mini abin da maganar take nufi: fito, sun tafi. Ni kuwa ina durƙushe ina share hanci da hijabin da ƙusa ta yaga.

Da abin ya lafa, Mama Bulus ta kwashe ƙonanniyar doyar ta zubar, ta juyo gare ni. "Ke da kika yi tsalle, iska ce ta shige ki?"

Na ce, "A'a, Mama. Tsoro ne."

Ta daɗe tana kallon jakar da ke jikin bango. Sannan ta ce, "To Likitar Taga, ina ne wurin likitocin gaskiyar? Amma ke za ki raka mu. Kuma in kin ji wani abu, ki faɗa mana kafin ki tashi."

Ranar Litinin muka je asibitin ƙwaƙwalwa mu huɗu har da Madam Saratu. Ba zan yi muku ƙarya in ce an warke a rana ɗaya ba. Godiya ta daɗe tana komawa ganin likita, akwai ranakun da aka sake samun ta a ƙarƙashin tebur, kuma Mama Bulus ba ta fasa addu'arta ba, a gida dai take yi, ba mari. Amma an kwance jakar. Godiya ta zauna jarrabawa a kujerar kusa da ƙofa, Madam Saratu ta roƙa mata izinin buga bironta a kan cinya. Ranar da suka rubuta ta ƙarshe na je taya su murna, 'yan aji shida suka tarbe ni da "Anti Taga, oyoyo!" Sunan ya bi ni har Tudun Wada, kuma ina zargin Umma.

A bakin get Godiya ta kamo hannuna ta sa mini shuɗin biron, tawadarsa ta ƙare, gindinsa ya sha bugu. Ta ce, "Na sayi sabo. Ki riƙe wannan, Anti. Na ga ke ma kina da buƙata."

Yana cikin jakata har yau, a aljihun da takardar shaida take zama a da. Ina nan ina shiga makarantu, amma na daina rubuta manyan baƙaƙe a allo, kuma ba na ce wa 'yar kowa ta rufe ido sai na tambaye ta me take gani idan ta rufe. Duk ɗakin da aka kai ni kuma, ina shiga da bisimilla in gaishe da kowa cikin natsuwa, sannan a ɓoye in duba ko akwai ƙusa a jikin taga.